Garkin Jigawa, inda aka taɓa ƙidaya sauro

Idan ka ce wa ɗan Najeriya za ka je Garki, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne unguwar nan ta Abuja mai faffaɗan tituna da ofisoshin gwamnati. Kaɗan ne za su tuna cewa akwai wata Garkin a Jihar Jigawa, hedikwatar ƙaramar hukuma a masarautar Ringim, wadda ƙidayar 2006 ta nuna mutanenta sun ɗan haura dubu 150. Amma da za ka shiga taron masana zazzaɓin cizon sauro a Landan ko Janeba ka ambaci wannan suna, Garkin Jigawa ce za ta zo musu a rai, domin ba su san wata ba sai ita.

Ni ma kunya ce ta sanar da ni haka. Lokacin da nake karatun digirin digirgir a fannin nazarin yawan jama'a, wani dattijon malami da ya kawo mana ziyara daga ƙasar waje ya ji an ce ni Bahaushe ne daga ƙasar Kano. Nan take fuskarsa ta washe, ya tambaye ni ko na san Garki. Na ce masa na san ta sarai, har na taɓa kwana a can lokacin da na je neman takarda a wata ma'aikata. Ya dube ni shiru na ɗan lokaci, sannan ya ja ni zuwa ɗakin karatu, ya zaro mini wani littafi mai kauri da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga a 1980, wanda Molineaux da Gramiccia suka rubuta a kan binciken da aka yi a Garki. Na buɗe taswirar da ke ciki, sai ga sunaye irin namu, Sugungum da Rafin Marke da Kwaru. Tun daga ranar na ɗaukar wa kaina alkawarin sai na taka ƙasar nan da ƙafata. Alkawarin ya daɗe yana jira, sai a ƙarshen daminar bara na cika shi.

Na bar Kano da sassafe cikin watan Satumba, na nufi arewa maso gabas. Gero ya riga ya nuna, wasu ma sun fara yanka suna ɗaure dammuna, dawa kuwa tana tsaye tana jiran nata lokacin. Tafiya tana miƙawa jar ƙasa tana raguwa, rairayi yana ƙaruwa, har mutum ya gane da idonsa dalilin da ya sa aka raɗa wa jihar wannan suna. Gonakin gyaɗa da wake da riɗi sun shimfiɗu hagu da dama, ga kukoki da tsamiya jefi-jefi, ga gawo a tsaye babu ganye kamar yadda ya saba yi da damina. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kududdufai. Kusan duk garin da muka ratsa yana da nasa a gefe, ramin da aka haƙi ƙasar da aka gina garin, yanzu ya cika taf da ruwa, yara suna wanka, agwagi suna iyo, shanu sun bar sawun kofatansu a taɓon bakinsa. Duk wanda ya karanta littafin nan ya san cewa a irin waɗannan ƙananan ramuka da rana ke dukansu ne sauron da ke ɗauke da maleriya ya fi son yin ƙwai.

Ya kamata in ɗan koma baya domin mai karatu ya san abin da ya kawo masana wannan lungu. A 1955 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da gagarumin shirin kawar da maleriya daga doron ƙasa, ta hanyar fesa maganin DDT a ɗakuna da kuma ba da maganin zazzaɓi. An ci nasara a Turai da wasu sassan duniya, amma kusan dukkan Afirka kudu da Sahara an bar ta a gefe, kuma a 1969 aka haƙura da shirin. Sai tambaya ta rage babu amsa: shin a ƙasa irin tamu, inda damina gajera ce amma sauro ya yi katutu, za a iya katse yaɗuwar cutar idan an yi komai bisa ƙa'ida? Domin neman wannan amsa ne hukumar da gwamnatin Najeriya suka zaɓi gundumar Garki, wadda a lokacin tana cikin Jihar Kano, suka yi aiki a cikinta daga 1969 zuwa 1976.

Abin da ya fi burge ni a aikin shi ne haƙurin da aka yi a farkonsa. Kimanin shekara ɗaya da rabi, daga ƙarshen 1970 zuwa farkon 1972, ba a fara feshi ba, ba a fara rabon magani na bai-ɗaya ba. Awo kawai ake yi. An zaɓi ƙauyuka 22 aka rubuta sunan kowa da ke cikinsu, ana bin haihuwa da mutuwa da ƙaura da dawowa. Duk bayan mako 10 ana ɗibar ɗigon jini a yatsan mutane a duba a madubin likita. Ana auna ruwan sama, ana kama sauro a ƙidaya shi, a tantance jinsinsa, a fede shi a ga ko yana ɗauke da ƙwayar cutar. Sai da aka san yadda cutar take kafin a taɓa ta, sannan aka shiga aiki a daminar 1972 da ta 1973. An fesa wani magani mai suna propoxur a ƙauyuka 164. A wasu daga cikinsu an haɗa da raba wa kowa da kowa ƙwayar magani a kai a kai, wasu ƙauyukan kuma an bar su yadda suke domin a samu abin kwatantawa. Da aka tsayar da aikin, aka ci gaba da awo har 1976 domin a ga abin da zai biyo baya. An kashe fiye da dala miliyan 6 a kuɗin wancan zamani.

Garin Garki kansa bai nuna wa baƙo alamar ya san da wannan tarihi ba. Gari ne irin garuruwanmu, ga masu shayi a bakin titi, ga 'yan acaɓa a ƙarƙashin inuwa, ga yara 'yan makaranta suna komawa gida. Ban ga wani allo ko gini da ke tuna wa mai wucewa cewa a nan aka tattara bayanan da har yau ake koyar da su a manyan jami'o'in duniya ba. Na sami wani saurayi mai babur, na karanta masa sunayen ƙauyukan da na rubuto, ya yi dariya ya ce duk ya san su, amma bai taɓa jin mutum ya zo daga Kano takanas domin ya gan su ba. Muka bi wata hanyar rairayi tsakanin gonaki, babur yana tangal-tangal, har muka isa ɗaya daga cikinsu bayan azahar.

Na gaida mai unguwa, na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Ya aika aka kira wani dattijo da ya ce shi ne zai fi tunawa. Muka zauna a kan tabarma a zaure, aka kawo fura a ƙwarya.

Na ce, "Baba, ko kana iya tuna lokacin da wasu ma'aikata suka riƙa zuwa garin nan suna ɗibar jini?"

Ya yi murmushi ya ce, "Masu kama sauro kake nufi, ɗana. Ai lokacin ina saurayi, ban yi aure ba. Sun rubuta lamba a ƙofar kowane gida. Da asuba su shiga ɗaki su shimfiɗa farin ƙyalle, su rufe ƙofa su yi feshi, can su fito da ƙyallen suna tsince matattun sauro ɗaya-ɗaya kamar masu tsintar tsaba. Da dare kuwa sai ka ga ƙato ya zauna ya naɗe wando zuwa gwiwa, yana jiran sauro ya sauka masa a ƙauri ya zuƙe shi da wani ɗan bututu. Mu dai dariya muke yi musu. Mun ce aikin gwamnati ya ƙare, an koma farautar sauro."

Na tambaye shi ko sun ga wani sauyi. Ya ce a shekarun da ake feshi da rabon ƙwaya an yi barci mai daɗi, kuma zazzaɓin yara ya yi sauƙi ƙwarai. Bayan sun tafi kuwa abu ya dawo yadda yake. Ya ɗan yi shiru, sannan ya jefo mini tambayar da ta hana ni barci a daren: "To, Malam, tunda kai ka karanta littafin nasu, me suka gano a jinin namu?"

Na yi masa bayani gwargwadon iyawata, kuma abin da na faɗa masa shi ne zan maimaita a nan. Na farko, sun gano cewa feshi shi kaɗai ya rage sauro amma bai rage cutar a jinin mutane yadda aka zata ba, domin wani kaso na sauron yankin ba ya hutawa a bangon ɗaki bayan ya sha jini, waje yake fita, don haka maganin da ke bango bai same shi ba. Na biyu, inda aka haɗa feshi da rabon magani cutar ta sauka ƙasa matuƙa, mutuwar jarirai ma ta ragu, amma yaɗuwar ba ta katse ba, kuma da aka daina sai ta koma inda take. Na uku, wanda a ganina ya fi sauran muhimmanci ga mai tsara aikin lafiya, shi ne ƙauyukan da ke gunduma ɗaya, ƙarƙashin hakimi ɗaya, sun sha bamban ƙwarai a yawan cizon da mutum ke sha da kuma yadda feshi ya yi tasiri a cikinsu. Daga waɗannan alƙaluma ne Dietz da Molineaux da Thomas suka gina wani tsarin lissafi da suka wallafa a 1974, wanda har yau masu hasashen yaɗuwar maleriya ke komawa gare shi.

Dattijon ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ashe ba wasa suke yi ba." Ni kuwa na ji nauyi, domin fiye da shekara 40 ke nan da buga littafin, da Turanci, a Janeba, kuma a cikinmu 'yan bokon ƙasar nan da muka karanta shi har muka ci jarrabawa da shi, ban san wanda ya ɗauki ƙafa ya zo ya faɗa wa wannan bawan Allah abin da ke ciki da harshensa ba. Wannan laifin namu ne.

A kan hanyar dawowa na riƙa tambayar kaina, yau wane ne ke da alhakin sanin abin da ke damun mutanen ƙauye irin wannan, da tsara abin da za a yi musu? A takarda amsar a fili take. Kundin tsarin mulkin 1999 ya sanya kula da lafiya cikin ayyukan da ƙananan hukumomi ke da hannu a ciki, kuma kowace daga cikin ƙananan hukumomi 774 tana da sashen lafiya matakin farko, da jami'in riga-kafi, da jami'in sa ido kan cututtuka, da mai tattara bayanai. Tunanin ma ba sabo ba ne. Bayan taron Alma-Ata na 1978, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya zaɓi ƙananan hukumomi 52 a 1986 domin su zama abin koyi. Matakin farko da aka ɗora musu shi ne su san jama'arsu: a sa wa gidaje lamba, a binciki matsalolin kowane yanki, sannan a rubuta tsari. A 1992 aka kafa hukumar kula da lafiya matakin farko ta ƙasa. Jigawa ma ta yi nata yunƙurin a 2007 da tsarin Gunduma, wanda ya raba jihar gida 9 ya haɗa ƙananan asibitoci da manya a ƙarƙashin shugabanci ɗaya, kafin daga baya a maye gurbinsa da hukumar lafiya matakin farko ta jiha. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 kuma ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin asusun kula da lafiya a matakin tushe, inda ake tura wani kaso kai-tsaye ga zaɓaɓɓun asibitocin mazaɓu, bisa sharaɗin su rubuta tsarin abin da za su yi da kuɗin. Ke nan dokoki da hukumomi ba su ne muka rasa ba.

Makonni kaɗan bayan na dawo daga Garki, wani aiki ya kai ni wata ƙaramar hukuma a wata jihar dabam, wadda ba zan ambaci sunanta ba, domin abin da na gani a can ba nata ba ne ita kaɗai. Mai tattara bayanan sashen lafiyarsu tsohon ɗalibina ne, yaro mai ƙwazo da gaskiya. Na roƙe shi ya nuna mini tsarin aikinsu na shekara. Ya jawo shi daga ƙasan wasu kwalaye, ya kakkaɓe ƙura, ya miƙo mini yana sunkuyar da kai.

Ya ce, "Malam, gara in faɗa maka da bakina kafin ka gano. Na bara ne muka sauya wa shekara. An kira mu babban birnin jiha kwana 3 a wani otel, aka ba mu fom a kwamfuta aka ce mu cike kafin a tashi. Babu wanda ya tambaye mu abin da ya kashe yara a ƙauyukanmu bara."

Na ce, "To kai ka san abin da ya kashe su?"

Ya ce, "Na san waɗanda suka mutu a asibiti. Wanda ya rasu a gida da dare aka binne shi da hantsi, ba ya cikin littafina."

Wannan magana tasa ita ce gundarin matsalar. Duk wata, ma'aikatan ƙananan asibitoci suna cike manyan rajistoci, na masu zuwa awon ciki dabam, na riga-kafi dabam, na marasa lafiya dabam. A ƙarshen wata a tattara a shigar cikin manhajar DHIS2, alƙaluma su haura jiha, su wuce Abuja. Da wuya su sake saukowa wurin wadda ta rubuta su a matsayin tambaya ko shawara. Ma'aikaciyar da ta san babu mai karanta abin da ta rubuta sai don a ga ta cike gurbi, ba za a yi mamaki ba idan wata rana ta cike gurbin da ka.

Sai kuma matsalar sanin yawan mutanen da ake yi wa aikin. Rabon Najeriya da ƙidaya tun 2006. Abin da ake yi shi ne a ɗauki adadin wancan lokaci a riƙa ƙara masa wani kaso duk shekara, sannan a ce kashi 4 cikin 100 jarirai ne 'yan ƙasa da shekara 1, kashi 20 yara ne 'yan ƙasa da shekara 5, kashi 5 kuma mata masu juna biyu. Lissafin bai san garin da ambaliya ta tasa ba, bai san wanda 'yan gudun hijira suka ninka ba, bai san rugar da ta sauka bana ba. Shi ya sa ɗalibin nawa ya nuna mini wata mazaɓa da takarda ta ce an yi wa fiye da kashi 100 cikin 100 na yaranta riga-kafi, alhali ƙyanda ta ɓulla a cikinta. Manyan binciken ƙasa kuwa, irin na 2018 da ya nuna cewa yara 132 cikin kowane 1,000 ba sa kaiwa shekara 5, ko na 2021 da ya sami ƙwayar maleriya a jinin kashi 22 cikin 100 na ƙananan yara, iyakarsu matakin jiha. Suna da amfani ga minista da gwamna, amma ba za su faɗa wa shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma wane ƙauye zai fara tura ma'aikata ba. Garki kuwa ta riga ta nuna mana tun shekara 50 da suka wuce cewa ƙauye da ƙauye ba ɗaya ba ne.

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da gaskiya. Garki bincike ne da aka zuba masa kuɗin waje da ƙwararru da motoci, babu ƙaramar hukumar da za ta iya ɗibar jinin mutanenta duk mako 10. Haka ne, kuma ba wannan nake nema ba. Hasali ma aikin Garki yana da nasa gargaɗin, domin duk abin da aka gina a kan kuɗin baƙo, ranar da baƙon ya naɗe tabarmarsa cutar tana nan tana jira. Abin da nake cewa a ɗauka shi ne tarbiyyar aikin: a auna kafin a fara, a ci gaba da awo ana cikin yi, kuma idan sakamako ya zo saɓanin abin da aka so a faɗe shi yadda yake. Masu aikin Garki sun rubuta ƙarara cewa ba su katse cutar ba. A rahotanninmu na ƙarshen shekara kuwa da wuya ka ga aikin da aka yarda bai yi nasara ba.

Kada kuma a ce ma'aikatanmu ba za su iya ba, domin mun ga sun iya. A yaƙin da aka yi da shan inna, waɗannan ma'aikata na ƙananan hukumomi ne suka bi unguwa-unguwa da ƙafa tare da masu unguwanni suna lissafa gidaje da yara. Da aka haɗa da hotunan tauraron ɗan Adam, aka gano ƙauyuka da rugage da ba su cikin taswirar kowa. Kowace tawaga ta san gidajen da za ta shiga a kowace rana, da yamma kuma a zauna a yi bitar wanda aka samu da wanda aka rasa. Da irin wannan aiki ne aka kai ga ranar 25 ga Agusta, 2020, da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Haka ma rabon maganin kariya daga maleriya da ake bi gida-gida ana ba yara duk wata da damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2012. Abin takaicin shi ne wannan ƙwarewa takan zo da shiri ɗaya ta tafi da shi, ba ta zama ɗabi'ar sashen lafiya ta yau da kullum ba.

Abin da nake ganin za a iya yi, ba tare da jiran wani tallafi daga waje ba, bai fi ƙarfinmu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai unguwa ya san duk gidan da aka yi suna, liman ya san duk gawar da ya sallata, ungozoma ta san duk macen da ta sha wuyar naƙuda. Da za a ba kowane mai unguwa littafi guda ya riƙa rubuta haihuwa da rasuwa, da shekarun mamaci da alamun ciwon da ya yi ajalinsa, ma'aikacin lafiya na mazaɓa ya riƙa bi duk wata yana kwafa, cikin shekara 2 ƙaramar hukuma za ta san kanta fiye da yadda kowane bincike na ƙasa zai sanar da ita. Masarautunmu sun taɓa riƙe lissafin kowane magidanci saboda haraji da jangali. Abin da aka iya yi domin karɓar kuɗi, ai za a iya yin sa domin ceton rai.

Bayan haka, taron wata-wata da shugabannin asibitoci ke yi a sakatariya ya daina zama wurin miƙa fom da karɓar sanarwa kawai. A buɗe alƙaluman a gaban kowa, a tambayi dalilin da ya sa mata suke zuwa awon ciki na farko a wannan asibiti amma ba sa dawowa haihuwa, ko dalilin da ya sa yara ke karɓar allurar farko su ɓace kafin ta uku. Tsarin shekara kuma a rubuta shi a cikin ƙaramar hukumar, tare da kwamitocin ci gaban mazaɓu, a kuma ɗora shi a kan kalandar da manomi ya sani. Sanƙarau da zafin bazara yake zuwa, kamar yadda arewacin Jigawa da maƙwabtanta na Damagaram suka gani a 2023. Amai da gudawa da ruwan damina suke tafe. Tamowa takan tsananta lokacin da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai shigo ba, maleriya kuma ta fi ƙamari daga tsakiyar damina zuwa kaka. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka maganin da za a buƙata a Agusta a watan Mayu ya kamata ya isa ƙauyen da hanyarsa ke yankewa. A zaɓi matsaloli 3 ko 4 da za a iya tunkara, a rubuta kuɗin kowanne da inda zai fito da sunan muƙamin wanda zai amsa tambaya a kansa. Tsarin da ya lissafa ayyuka barkatai babu kuɗin ko ɗaya, jerin buri ne kawai. A ƙarshe a fassara shi da Hausa a manna a ƙofar kowane asibiti, a ƙarshen shekara kuma a dawo a faɗa wa jama'a abin da aka yi da wanda ya gagara.

Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yuli, 2024, cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai-tsaye, ya ƙara wa wannan magana nauyi. Ko yaushe aka kammala aiwatar da shi, kuɗin zai sauka ne a hannun shugabannin da za su zaɓa tsakanin gina sabon asibitin da za a yanke ƙyalle a ɗauki hoto, da ɗaukar ungozoma ga tsohon asibitin da ke rufe da dare. Idan sashen lafiya ba shi da alƙaluman da zai ajiye a gaban shugaba, ɗan kwangila ne zai yi masa tsarin.

Mu ma da ke jami'o'i muna da namu kason. Duk shekara ɗalibanmu suna rubuta kundaye a kan cututtukan ƙauyuka, mu ba su maki, mu jera kundayen a kanta ƙura ta rufe su. Na yanke wa kaina shawara cewa daga bana duk ɗalibin da zai yi bincike a ƙarƙashina a wata ƙaramar hukuma, sai ya fara tambayar sashen lafiyarta abin da suke buƙatar sani, kuma ba zan sa hannu a kundinsa ba sai ya koma ya karanta wa mutanen da ya yi wa tambayoyi sakamakon da harshensu.

Lokacin da na yi sallama da dattijon nan rana ta yi sanyi, shanu suna dawowa daga kiwo, sauro ya fara kuka a zauren. Wata yarinya ta wuce mu da ƙaninta a goye, jikinsa a lulluɓe da zane duk da zafin da ake yi, aka ce mini zazzaɓi yake yi tun shekaranjiya, za a kai shi wurin mai sayar da magani. Na san yaron nan ba zai shiga rajistar kowa ba, ko ya warke ko akasin haka. Dattijon ya rako ni har inda babur yake, ya riƙe hannuna ya ce idan na sake zuwa in taho masa da littafin, ko da ba zai iya karantawa ba, yana so ya ga inda aka rubuta sunan garinsu. Na ce masa in Allah Ya yarda zan kawo, kuma zan fassara masa shafukan da suka shafe su. Na riga na fara fassarar.